Gam ɗin 3M 80 da silin ɗin tsohuwar tirelata: ya riƙe, amma da sharaɗi

Salam jama'a. Masu ta tambayata wane gam na gyara silin ɗin tirelata dashi, ga bayanin nan gaba ɗaya dan in huta da maimaitawa. Sunansa 3M Rubber and Vinyl 80, na feshi ne a gwangwani yake zuwa, kuma eh yana aiki, ya riƙe robar tsaf bata sake saukowa ba duk da ta ga zafin bazara ta kuma ga sanyin jihar Ohayo ta Amurka. Amma fa gam ne kawai ba boka ba. In saman tirelarka na yoyo, ko katakon ciki ya ruɓe, ko soson dake bayan robar ya mutu baka kankare shi ba, ko katan guda ka fesa wlh asarar kuɗinka kayi.

Ga 'yan uwa na gida da basu taɓa shiga irinta ba, tirelar da nake nufi ba ta dakon kaya bace, ɗaki ne guda akan tayoyi, da gado da ɗan kicin da banɗaki da firji, ka maƙala a bayan fikof ka ja zuwa wajen shaƙatawa kayi kwana biyu da iyali ka dawo. Nan Amurka abun ya zama al'ada sosai, kuma mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Tawa tsohuwa ce ta wajen shekarun 1990, ƙafa 24, na saya a hannun wani dattijo da araha saboda silin ɗin da ya saki ciki daga bakin ƙofa har kan gado, in ka miƙe tsaye sai robar ta taɓa maka hula. Maman yara tana shiga ta ɗaga kai tace ita ba zata kwana a ƙarƙashin wannan abun ba, toh kunji inda aikin ya samo asali.

Yadda suke haɗa silin ɗin shine, akwai siririn filawud da suke kira luwan, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba, an buga shi da sitefula a jikin katakan rufi, sai a manna masa roba fara irin wadda ake kira bainil. Wasu tireloli robar siririya ce manne kai tsaye da katakon tun daga masana'anta, wasu kuma irin tawa robar mai kauri ce, bayanta akwai saƙar kyalle sannan ɗan soso. Toh wannan soson shine matsalar. Shekara da shekaru yana shan zafin rufi da danshi sai ya mutu ya koma gari, in ka taɓa sai ya marmashe a hannunka ruwan goro, robar kuma ba abunda ke riƙe da ita sai ta sauko. Mutane da yawa anan suke ruɗewa suna cewa gam ne ya saki, alhali gam ɗin masana'anta yana nan manne a katako, soson ne ya rabu biyu.

Dattijon nan ya gwada nasa gyaran kafin ya sayar min, ya tsaga robar ta gefe ya fesa wani gam mai araha a ciki akan garin soson, ya danna, ya ƙara da fil irin na allo. Gyaran gangar Abzinawa kenan. Da na buɗe wajen abun ya koma wani kwaɓaɓɓen abu mai danƙo da baya bushewa baya kuma riƙewa, nan ne ma yafi bani wahala a duk aikin. Dalili kuwa, ita bainil ana zuba mata wani irin mai a masana'anta dan tayi laushi ta lanƙwasu, man nan yana fitowa a hankali musamman in zafi ya bugeta, in ya haɗu da gam na gama-gari sai ya narkar dashi. Shi yasa ba kowane gam na feshi ne ya dace da wannan aikin ba ko da na kamfani mai suna ne. Misali Super 77 da kowa ya sani, na 3M ɗin ne shima, yana da kyau ga takarda da kwali da kyalle mara nauyi, amma su da kansu basu ce a saka shi a bainil ko silin ɗin mota ba. Shi lamba 80 ɗin an haɗa shi ne takanas dan ya jure wannan man ya kuma jure zafi, abunda yasa na zaɓe shi kenan.

Kafin in taɓa gwangwanin sai da na hau sama tukunna, kuma duk wanda ya tsallake wannan matakin kada yace ni na tura shi. Rufin tirelar roba ce baƙa ta ciki fara ta waje, EPDM ake ce mata, kuma duk inda aka huda ta, wajen tagar iska ta sama, wajen esi, wajen bututun banɗaki, wajen eriya, akwai abun toshewa da aka zuba wanda ke tsagewa in ya tsufa. Nawa ya tsage a gefen tagar iskan nan mai inci 14 ta kowane gefe. Na kankare tsohon, na ɗaga tagar na sa sabon tef ɗin butil mai danƙo na tare ruwa a ƙarƙashi, na ɗaure, sannan na zuba abun toshewa na kamfanin Dicor irin wanda ke bajewa da kansa. Dan Allah kada kowa ya sa silikon a saman nan, baya kama robar da kyau kuma gobe in kazo gyara ba abunda zai manne a inda ya taɓa. Kada kuma a goge robar rufin da fetur ko tina, kumbura takeyi. Esi shima akwai soson da yake zaune akai, da noti huɗu ake ɗaure shi ta ciki, in sun saki ruwa na bi ta nan. Wani abu kuma, ruwa baya ɗiga a inda ya shiga, yana bin katako yayi tafiyarsa ya fito can wani waje, dan haka tabon da kake gani akan gado wataƙila ramin yana can wajen kicin. Na sa yaro da tiyo yana zuba ruwa a hankali waje bayan waje ni ina ciki da tocila, sai da na tabbatar ko ɗigo babu, na kuma bar ciki ya bushe da fanka, sannan na dawo kan silin.

Sai gwajin katako. Ka danna da babban yatsa ko bakin sukundireba, in yayi tauri lafiya lau, in ya lotsa ko ya fara ɓarewa falle-falle toh ya mutu, ba gam ɗin da zai tashe shi. Nawa kusan duka lafiyayye ne in banda falle ɗaya na wajen tagar iska da yayi baƙi da funfuna, shi na ware shi gefe, zan dawo kansa.

Kankarewa itace rabin aikin, ko ma fiye. Na cire fitilu da murfin esi da siraran katakan da ke rufe mahaɗa, na sauke robar a hankali ta rataya ta gefe ɗaya, na bi katakon da burushi mai tauri da injin tsotsar ƙura har sai da na shafa hannu ban ga gari ba, na bi da sanfefa sama-sama, sannan bayan robar shima na goge shi har saƙar kyallen ta fito fili. Wannan saƙar tana da muhimmanci, domin shi 80 ɗin bainil mai kyalle a baya aka yi shi dominta. Ku sa tabarau da hula, garin nan yana zubowa ne kai tsaye cikin ido da wuya da gemu, wanka biyu nayi ranar kuma duk da haka ina jin ƙaiƙayi. Tsohuwar roba kuma tana ɗan tsukewa, in ka mayar sai kaga bata kai gefe ba, sai ka ɗumama ta da na'urar busar da gashi ta mata ka ja a hankali. Banda bindigar zafi irin ta masu fenti, zata ƙona maka ita nan take.

Toh yanzu shi gam ɗin kansa. Aikinsa irin na gam ɗin masu gyaran takalmi ne da muka sani a gida, a shafa gefe biyu, a bari ya sha iska, sannan a haɗa, in ya kama ya kama. Feshinsa baya fita kamar hayaƙi, zare-zare yake fita ya kwanta akan abu, kuma wannan naji daɗinsa sosai domin baya bin iska ya cika ɗakin kamar masu arahar nan, inda ka nufa nan yake zuwa, kuma baya jiƙa kyallen ya ratsa. Na fesa wa katako sau biyu saboda tsohon luwan yana shanye na farko, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, robar kuma sau ɗaya ba mai yawa ba. Sai jira na 'yan mintuna, ka taɓa da bayan yatsa, in yana danƙo amma bai biyo yatsan ba toh lokaci yayi. Masu gaggawa anan suke faɗuwa, in ka haɗa yana jiƙe tururin cikinsa bashi da hanyar fita ta cikin roba, gobe sai ka tarar da ƙuraje sun taso a silin.

Mutum ɗaya ba zai iya ba, ko ince zai iya amma zai yi zagi. Ni da ƙanina mukayi, shi yana riƙe da robar nesa da katako ni ina dannawa daga tsakiya zuwa gefe, taku biyu-biyu muke fesawa muna tafiya ba duka lokaci guda ba. Dabarar da ta taimaka mana itace saka kwali tsakanin robar da katakon a inda bamu iso ba, muna ja da baya kaɗan-kaɗan, domin in gefen biyu suka taɓa juna ba'a shirya ba babu gyara, in ka ja sai dai ka miƙar da robar ko ka yaga. Bayan nan na bi da rola ta roba da ƙarfi ko'ina, irin wannan gam ɗin dannawa yake so, ba yawan feshi ba. Gefuna kuma na tokare su da falle na filawud da sanduna daga ƙasa suka kwana haka. Da safe na cire, na sa farce a kusurwa na ja, ko gezau.

Abunda ya burge ni na gaskiya sai da bazara tazo na gani. Tirela in tana ajiye a rana a rufe, cikinta zafi ne na fitar hankali, kuma silin shi yafi kowa sha. Mun barta a filin ajiya watan Yuli da Agusta, mun kuma je wajen shaƙatawa na Hocking Hills a nan Ohayo da ita, na dawo ina duba mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da tocila, ba inda ya ɗago ba inda yayi laushi. Hunturu ma yazo ya wuce da dusar ƙanƙararsa, shiru. A wajena ya ci kuɗinsa.

Yanzu abubuwan da ya kamata ku sani kafin ku saya, dan ba yabo kaɗai nazo yi ba.

Na farko wari, kuma ba wari kaɗai ba, abu ne mai kama wuta. Tirela ƙaramin waje ne a rufe kuma akwai gas a ciki, firjin tsofaffin nan da tukunyar ruwan zafi suna da 'yar wuta da ke ci a ɓoye, sai ka rufe gas daga kan tukunya a waje, ka cire wayar lantarki ka cire batir, ka buɗe duk tagogi da ƙofa, sannan ka sa takunkumi na gaske mai matatar tururin sinadari ba irin na korona ba, wancan ba abunda yake tarewa. Yara kuwa ko kusa. Warin ya ɗauki kwanaki kafin ya fita gaba ɗaya. Kuma baya son sanyi, in gari yayi sanyi feshin baya fita daidai bushewar ma sai a hankali, ku bari sai ranar da ake da ɗumi ba danshi.

Na biyu launi, ruwan ɗorawa ne. A bayan roba ba mai gani amma duk inda ya fallatsa akan farin silin ko labule ko jikin kabad sai ya nuna, kuma in ka cika shi da yawa akan siririyar farar roba zai iya nunowa ta gaba. Na rufe ko'ina da leda da tef kafin in fara, wannan ɗin ma aiki ne mai zaman kansa.

Na uku, gwangwani ne, kuma gwangwani an yi shi ne ya tsaya a tsaye, kai kuma sama kake fesawa. Yana cike ba matsala, in yayi ƙasa sai ya fara tofi yana yankewa, dole ka karkata shi ka nemo masa kwana. Ga shi yana ƙarewa da wuri tunda gefe biyu ake fesawa, ga tsada, kuɗin ɗaya zai saya maka biyu na gama-gari. Ni dai ban ji ciwon kuɗin ba domin araha bata ado, naga abunda mai arahar ya yiwa dattijo. Amma in silin ɗin gaba ɗaya zaka canza daga gaba har baya da sabuwar roba, inaga gwangwani ba hanya bace, masu sana'ar kujerun mota da na jirgin ruwa anan galan suke saya na wani gam mai suna Weldwood Landau su zuba a bindigar feshi da kwamfuresa, yafi sauƙi a babban aiki. Shi 80 na mai gyaran falle biyu uku ne da gefuna.

Sai wani gargaɗi ga masu tirelar da rufinta haɗin farin soso ne mai ƙwaya-ƙwaya a tsakiya, irin wanda ake sako talabijin a ciki. Gam mai sinadari irin wannan cinye shi yakeyi, in katakon ya huje har kana hango farin soson kada ka fesa a wajen.

Akwai kuma abu ɗaya da ba laifin gam bane amma gara in faɗa. Tunda an kankare soso, robar yanzu kwance take kai tsaye akan katako, dan haka duk wani ƙulu ko kan sitefula ko ragowar tsohon gam sai ya nuna in haske ya bugo ta gefe. Da rana ba'a lura, da daddare in an kunna fitilar kan gado ana ganin 'yan tudu nan da can. Maman yara bata ce komai ba, ni ma nayi shiru.

Fallen da ya ruɓe kuwa canza shi nayi, kuma dalilinsa na tafi har Elkhart, tafiyar wajen awa huɗu daga Kolombus, babban birnin Ohayo. Garin cike yake da shagunan da ke sayen ragowar kayan masana'antu suna sayarwa, tagogi, ƙofofi, kujeru, fitilu, fallayen bango da na silin jibge har sama. Wanda na shiga babban sito ne ba wani tsari, kaya ko'ina, sai ka tona, amma dattijuwar dake kan kanta tana ganin guntun da na riƙo a hannu ta gane zamaninsa, tace min irin wannan zanen an daina, ta kaini wajen wanda yafi kusa dashi. Falle ne ƙafa 4 da ƙafa 8 da robarsa manne tun daga masana'anta, kuɗinsa ba yawa, abunda ke kashe mutum shine aikowa, kuɗin mota yafi na kayan, shi yasa zuwa da kai yafi in kana kusa. Ku zo da igiya da falle mai kauri na shimfiɗawa a ƙasa, siririn nan iska na karya shi a hanya.

Wajen sakawa sai kayi haƙuri domin a masana'anta silin ake ɗorawa akan bango da kabad, wato fallen ya wuce ta samansu, ba zaka zaro shi ɗungurungum ba sai dai ka yanka daidai bakin kabad ɗin da wuƙa ka rufe mahaɗar da siririn katako. Kuma a yanka sama-sama, akwai wayoyi a ciki na batir mai bolt 12 da na esi mai 120, haka in kazo buga sitefula ka tabbatar katako kake samu. Na canza audugar gilas mai tare zafi da sanyi da ta jiƙe a wajen, na ƙara katako ɗaya a gefen wanda ya fara cin ruwa. Nan ban sa 80 ba ko kaɗan, ba aikinsa bane, gam ɗin kafinta na bututu da sitefula suka riƙe.

Yagar da dattijo yayi ita ma ba da shi na ɗinke ba. Na yanko ɗan ƙyalle na robar daga cikin kabad ta sama inda ba mai leƙawa, launi ɗaya tsufa ɗaya, na liƙa da HH-66 wanda shi aikinsa kenan haɗa bainil da bainil, da ɗan burushi ake shafa shi. Sai ka matso sosai zaka ga layin. Ramukan fil kuwa na barsu, ƙanana ne.

Sabon fallen fari ne tas, tsohuwar robar kuma ta koma ruwan madara, dan haka bambancin yana nan a fili. In zaku yi fenti ku nemi wanda aka yi dan bainil irin SEM Color Coat, fentin mai na gida in ka shafa akan robar nan sai yayi ta danƙo ya ƙi bushewa saboda wancan man da na faɗa a sama. Ni na ɗaga fentin zuwa wata bazarar, aljihu ya gaji.

In kun gama feshi ku kifa gwangwanin ku danna har sai iska zalla ke fita, ku goge bakin, in ba haka ba gam ɗin zai daskare a ciki, ranar da kuka zo ɗan gyaran gefe ku tarar da rabin gwangwani da kan da ya toshe. Kuma kada a barshi cikin tirelar, zafin ciki bai dace da gwangwanin feshi ba, nawa yana gareji kan kanta.